Darasi na 12: Samar da Fili a Kwamfuta ta Hanyar Cire Direbobin Waifai da Ba a Buƙata

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. Faɗin abin da ake nufi da kanel, direba, modul da famwaya.
2. Gano katin waifai da ke cikin kwamfutarsa da direban da ke tafiyar da shi.
3. Auna filin da direbobi suka cinye kafin ya taɓa komai.
4. Bambance tsakanin sauke direba, hana shi tashi, da cire shi daga faifai.
5. Cire abin da ba ya buƙata ba tare da ya yanke wa kansa intanet ba.
6. Bayyana dalilin da ya sa goge direba a wasu rautoci ba ya ƙara fili.

Kayan aiki: kwamfuta mai Linux, ko dai Debian ko Ubuntu; filasha mai fili; kebul na intanet ko kebul na cajin waya.

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu kwamfutar hannu muke amfani da ita, wadda wani ya riga ya mora kafin ta zo gare mu. Wasu ƙananan laftof ma tun daga kamfani ma'adanarsu gigabait 32 ce kacal, kuma an taɓa yin waɗanda ba su kai haka ba: ASUS Eee PC 701 da ta fito a 2007 gigabait 4 take da shi. Irin waɗannan kwamfutoci ana yawan saka musu Linux saboda ba shi da nauyi. Amma ko shi ɗin, wata rana sai a ga faifai ya cika, takarda ta ƙi ajiyuwa, sabunta manhaja ya tsaya a rabi.

Ɗaya daga cikin wuraren da masu gyara ke leƙawa shi ne tarin direbobin waifai. Masu haɗa Linux ba su san a wace kwamfuta za a saka shi ba, don haka suke zuba masa direbobin katuna iri-iri na kamfanoni dabam-dabam. Kwamfutarku kuwa kati ɗaya gare ta. Sauran suna nan kwance, ba a taɓa kiran su.

To amma akwai tarko. Wanda ya goge direban da yake amfani da shi ya rasa waifai, kuma da waifai ɗin ne zai sauko da abin gyara. Shi ke nan, garin gyaran gira an rasa ido. Saboda haka tsarin wannan darasi guda ne: a san kati, a auna fili, a tanadi hanyar dawowa, sannan a cire.

1. Kanel, direba da modul

Ku ɗauki kwamfuta tamkar gidan da baƙi ke sauka. Maigidan da ke kula da komai shi ne kanel. Shi ke raba aiki, shi ke magana da allo da faifai da madannai. Kanel ɗin Linux wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991.

Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta baƙo ce mai yarenta. Katin waifai na Intel yarensa dabam, na Realtek dabam. Maigida ba ya jin duk yarukan nan, sai da tafinta. Wannan tafinta shi ne direba.

Da a ce za a tara dukkan tafintoci a zaure a kullum, da wuri ya cushe. Sai aka ajiye su a ɗaki, duk wanda baƙonsa ya zo a kira shi. Direban da aka ajiye a fayil na dabam, ake ɗora shi lokacin da ake buƙata, shi ake kira modul.

> AKWATIN MA'ANA
> Kanel: zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mai haɗa sauran manhajoji da na'urori.
> Direba: ƙaramar manhaja da ke ba kanel damar sarrafa wata na'ura.
> Modul: direba ko wani ɓangaren kanel da ke zaune a fayil na kansa, ana ɗora shi ana sauke shi. Sunan fayil ɗin yakan ƙare da .ko, wani lokaci .ko.xz ko .ko.zst idan an matse shi.

Kowane kanel yana da lambarsa, kuma yana da foldar modul ɗinsa. Don sanin lambar wanda kuke kai, ku buɗe taminal ku rubuta:

`uname -r`

Direbobin waifai suna cikin wannan folda:

`/lib/modules/$(uname -r)/kernel/drivers/net/wireless`

A ciki an kasa su da sunan kamfani. Ga sanannu daga ciki:

- intel: iwlwifi da iwlmvm, na katunan Intel.
- ath: ath9k da ath10k, na Atheros da Qualcomm.
- realtek: rtw88, rtlwifi da rtl8xxxu.
- broadcom: brcmfmac da b43.
- mediatek: mt76.
- ralink: rt2800usb da 'yan uwansa, waɗanda ake samu a ƙananan katunan waifai na sokawa ta USB.

2. Famwaya: abin da ake yawan mantawa

Yawancin katunan waifai na zamani suna da ɗan ƙaramin injin lissafi a cikinsu, amma idan aka kashe kwamfuta sai ya manta aikinsa. Duk lokacin da aka kunna, direba ne ke miƙa masa wani fayil mai ɗauke da umarnin aikinsa. Wannan fayil shi ne famwaya. Kamar lebura ne da kullum da safe sai an ba shi takardar aikin ranar.

> AKWATIN MA'ANA
> Famwaya: fayil da direba ke lodawa cikin na'urar kanta domin ta iya aiki. Ana ajiye su a foldar /lib/firmware.

Ba kowane kati ne ke buƙatarta ba. Katunan cikin laftof da ath9k ke tafiyarwa ba sa neman famwaya, amma na Intel da iwlwifi ke tafiyarwa ba sa tashi sai da ita. Don ganin fayilolin da direba ke nema, sai a rubuta `modinfo -F firmware` a bi shi da sunan direban.

Abin lura a nan: sau da yawa foldar famwaya ta fi ta direbobin waifai girma nesa ba kusa ba. A kwamfutar da aka zuba mata duka, takan kai ɗaruruwan megabait, domin ba ta waifai kaɗai ba ce, har da ta katin hoto, ta sauti da ta bulutut.

3. Mataki na farko: ku san katinku

Matambayi ba ya ɓata. Kafin komai, a tambayi kwamfuta wane kati ne a cikinta:

`lspci -k | grep -A 3 -i network`

Za a ga sunan katin, sannan a ƙasa akwai layin da ya fara da `Kernel driver in use`. Sunan da ke gaban wannan layi shi ne direban da ke aiki yanzu. Ku rubuta shi a littafinku. Idan waifai ɗinku na sokawa ne ta USB, sai ku yi amfani da `lsusb -t`, zai nuna kowace na'ura da direbanta.

Sai tambaya ta biyu: da wa direban ya dogara? Direba ba ya aiki shi kaɗai. Ku rubuta:

`lsmod`

Jerin da ya fito shi ne duk modul ɗin da ke ɗore a yanzu. Sashen ƙarshe na layin kowane suna yana nuna waɗanda ke jingine da shi. Za ku ga cfg80211, kuma a mafi yawan kwamfutoci za ku ga mac80211. Waɗannan biyu ba na wani kamfani ba ne, su ne tushen da direbobin waifai ke tsayawa a kai. Ba a taɓa su.

> KA'IDA
> Duk sunan da ya fito a jerin lsmod, a ɗauka ana amfani da shi. Kada a cire shi, ko da ba ku gane aikinsa ba.

Akwai abin da lsmod ba zai nuna ba: na'urar da ba a soka ba a lokacin. Idan kuna da ɗan katin waifai na USB da kuke sokawa jefi-jefi, ku soka shi kafin ku yi wannan bincike, don sunan direbansa ya shiga jerin waɗanda za a bari.

4. Mataki na biyu: ku auna

Ɗan kasuwa ba ya rushe rumfa sai ya san abin da zai samu. Umarni biyu ne na awo. Na farko yana nuna filin da ya rage a faifai:

`df -h /`

Na biyu yana nuna girman folda:

`du -sh /lib/modules/*`
`du -sh /lib/firmware`
`du -sh /var/cache/apt/archives`
`du -sh /lib/modules/$(uname -r)/kernel/drivers/net/wireless/* | sort -h`

Harafin K yana nufin kilobait, M megabait, G gigabait. A wannan lissafi, megabait 1024 ne gigabait ɗaya.

Misali na 1: Ina filin ya tafi?

Wata malamar makaranta tana shirya jarrabawar ɗalibai a ƙaramar laftof mai Debian, sai faifai ya cika. A ce ta auna ta ga haka:

- Foldar kanel ɗin da take kai: megabait 400
- Foldar wani tsohon kanel: megabait 400
- Ragowar fakitocin manhaja da aka sauko da su: megabait 350
- Famwayar waifai ta kamfanonin da ba nata ba: megabait 70
- Direbobin waifai da ba nata ba: megabait 30

Waɗannan lambobi na koyo ne, taku kwamfutar za ta nuna nata. Amma mu yi lissafi. Tsohon kanel da ragowar fakitoci sun haɗa megabait 750. Famwaya da direbobi sun haɗa 100. Jimilla 850 ke nan, kuma a ciki direbobin waifai 30 kawai suka ci.

Me ya kamata ta fara da shi? Da babban mai sauƙi, wato tsohon kanel. Cire tsohon kanel ma kansa cire direbobin waifai ne, domin kowane kanel yana ɗauke da cikakken tarin nasa. Wanda ke da kanel uku, direbobinsa na waifai sun ninku uku.

5. Abubuwa uku da ake rikitawa

Ku ɗauki misalin mai shago: akwai kayan da ke kan tebur, akwai na cikin sito. Tebur shi ne ram, wato wurin aikin da ke gogewa idan aka kashe kwamfuta. Sito shi ne faifai.

Sauke direba. Umarnin `sudo modprobe -r` da sunan direba yana ɗauke shi daga tebur ya mayar sito. Ram ta ɗan samu sauƙi, faifai bai ƙaru da komai ba. Idan aka sake kunna kwamfuta zai dawo.

Hana direba tashi. Idan aka rubuta kalmar `blacklist` da sunan direba a cikin fayil da ke foldar /etc/modprobe.d, kanel ba zai ɗora shi da kansa ba. Wannan yana da amfani idan direbobi biyu na rigima a kan kati ɗaya, kamar yadda ake gani a wasu katunan Broadcom. Amma fayil ɗin yana nan a sito.

Cire direba. Wannan kaɗai ne ke fitar da kaya daga sito, kuma shi kaɗai ke samar da fili.

> AKWATIN MA'ANA
> Fakiti: ƙunshin fayiloli da ake girkawa ko cirewa tare.
> Mai kula da fakitoci: manhajar da ke riƙe da lissafin abin da aka girka da wanda ya dogara da wani. A Debian da Ubuntu sunanta apt.

6. Mataki na uku: ku tanadi hanyar dawowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin cire komai, a yi abu biyu.

Na farko, a gwada wata hanyar shiga intanet wadda ba waifai ba. Ko dai a soka kebul daga rauta, ko a haɗa waya da kebul ɗin USB a kunna raba data ta kebul. Direbobin hanyar wayar suna wata folda dabam, drivers/net/usb, don haka aikinmu ba zai shafe su ba. A kashe waifai, a buɗe shafi ɗaya a ga ya buɗe. Idan bai buɗe ba, a dakata har sai an samu mafita.

Na biyu, a ɗaure foldar direbobin a ajiye a filasha:

`sudo tar czf /media/sunanku/filasha/waifai.tar.gz /lib/modules/$(uname -r)/kernel/drivers/net/wireless`

A maye gurbin sunanku da filasha da abin da kwamfutarku ta nuna. Ku lura, a filasha ake ajiyewa. Wanda ya kwashe kaya daga wannan lungu na sito ya kai wancan, bai rage komai ba.

7. Mataki na huɗu: cirewa ta hannun apt

Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar apt ya yi aikin, domin shi ya san abin da ya dogara da wani.

Tsofaffin kanel. A rubuta `sudo apt autoremove --purge`. Zai jera abin da zai cire ya nemi izini. A karanta jerin a tsanake. Apt ba ya cire kanel ɗin da ake kai, kuma yakan bar wani na ko-ta-kwana. Wannan na ko-ta-kwana yana da amfani ranar da sabon kanel ya ƙi tashi.

Famwaya a Debian. Debian ya kasa famwaya gida-gida: firmware-iwlwifi ta Intel, firmware-atheros, firmware-realtek, firmware-brcm80211 ta Broadcom, da sauransu. Tun daga Debian 12 da ya fito a Yunin 2023, ana saka waɗannan a cikin faifan girkawa na hukuma. Don ganin waɗanda ke kwamfutarku:

`dpkg -l 'firmware-*'`

Waɗanda layinsu ya fara da `ii` su ne a girke.

Misali na 2: Cire famwaya a Debian

Mu koma ga malamar nan. Bincikenta ya nuna katinta Intel Wireless 7260 ne, direbansa iwlwifi. Ke nan firmware-iwlwifi tata ce, ba za ta taɓa ta ba. A jerin kuma ta ga firmware-atheros, firmware-brcm80211 da firmware-realtek.

Sai ta fara da gwaji, wanda ba ya cire komai:

`apt -s purge firmware-atheros firmware-brcm80211`

Harafin s yana sa apt ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Ta ga fakitoci biyun nan kaɗai zai cire. Sai ta maimaita da `sudo`, ba tare da s ba.

Me ya sa ta bar firmware-realtek alhali waifai ɗinta ba na Realtek ba ne? Domin ta sake duba `lspci -k` ta ga ramin kebul ɗin intanet na laftof ɗin na Realtek ne, direbansa r8169, kuma famwayar irin waɗannan katuna tana cikin wannan fakiti. Shi ne fa hanyar dawowarta. Haka kuma waɗannan fakitoci sukan ɗauki famwayar bulutut ta kamfanin, don haka a duba bulutut ma kafin a yanke hukunci.

Gargaɗi ga masu Ubuntu. Ubuntu ya daɗe yana haɗa famwaya a babban fakiti mai suna linux-firmware, a fitowa da dama kuma direbobin waifai da yawa suna cikin fakitin da sunansa ya fara da linux-modules-extra. Kada a cire ko ɗaya daga cikinsu dungurungum. Naku direban yana ciki, kuma apt zai ja fakitin da ke kawo sabon kanel ya tafi da shi. A Ubuntu, tsofaffin kanel da ragowar fakitoci su ne abin nema.

Ragowar fakitoci. Umarnin `sudo apt clean` yana share su. A bar shi ya zama na ƙarshe, bayan an sake kunna kwamfuta an ga waifai na aiki, domin wani lokaci a cikinsu ake samun abin mayarwa ba tare da an kashe data ba.

8. Cirewa da hannu, idan ta kama dole

Direbobin waifai na kanel ɗin da ake kai ba su da fakiti ɗai-ɗai a Debian, suna cikin fakitin kanel ɗin. Wanda ya matsu da megabait kaɗan ɗin nan sai dai ya cire da hannu. Ga yadda ake yi:

1. A shiga foldar: `cd /lib/modules/$(uname -r)/kernel/drivers/net/wireless`
2. A rubuta `pwd` a tabbatar nan ake.
3. A goge foldar kamfani ɗaya tak wanda aka tabbatar ba naku ba ne, misali: `sudo rm -r marvell`
4. A sabunta lissafin modul: `sudo depmod -a`
5. A sake kunna kwamfuta, a gwada waifai da bulutut.

Idan lafiya, a koma ga na gaba. Umarnin rm ba ya kai fayil kwandon shara, abin da ya goge ya tafi. Kada a taɓa cire fayil ɗai-ɗai a cikin foldar kamfanin katinku. A foldar ath, alal misali, akwai modul mai suna ath da ath9k ke jingine da shi.

Wannan hanya tana da naƙasu biyu. Ɗaya, apt bai san kun goge ba, don haka da zarar sabon kanel ya zo, duk direbobin za su dawo tare da shi. Biyu, ranar da katinku ya lalace kuka sayo na USB, mai yiwuwa direbansa na cikin waɗanda kuka goge. Idan haka ta faru a Debian, a shiga intanet ta kebul a rubuta `sudo apt reinstall linux-image-$(uname -r)`, komai zai dawo.

9. Inda megabait ɗaya ke da daraja: rauta

A laftof, megabait 30 ba wani abu ba ne. A rauta kuwa dukiya ce. OpenWrt wani Linux ne da ake saka wa rautoci, wanda ya faro a 2004 daga rautar Linksys WRT54G. Tsofaffin rautoci da dama, irin TP-Link TL-WR841N na farko-farko, ma'adanarsu megabait 4 ce, ram ɗinsu 32. Ƙanƙantar ta kai har OpenWrt ya daina tallafa wa irinsu bayan fitowa ta 19.07.

A OpenWrt kowane direba yana da fakitinsa, sunansa na farawa da kmod, kamar kmod-ath9k. Ana ganin su da `opkg list-installed | grep kmod`, ana cirewa da `opkg remove`. Sabbin fitowa sun koma amfani da apk a madadin opkg, amma ka'idar da za mu faɗa ba ta canja ba.

A yawancin rautoci ma'adanar kashi biyu ce. Kashi na farko, /rom, matsattse ne kuma karantawa kawai ake yi, kamar bugaggen littafi. Kashi na biyu, /overlay, kamar littafin rubutu ne da ake ƙara bayani a ciki. Idan kuka goge abin da ke cikin bugaggen littafi, rauta ba ta iya yage shafin. Sai dai ta rubuta a littafin rubutu cewa a tsallake shafi kaza. Bugaggen littafi bai rage kauri ba, littafin rubutu kuma ya rasa layi ɗaya.

> KA'IDA
> A OpenWrt, cire fakitin da kuka girka da kanku yana samar da fili. Cire wanda ya zo tare da manhajar ba ya samarwa, yana ma ɗan ragewa.

Misali na 3: Rautar shagon buga takardu

Wani mai shagon buga takardu yana so ya ƙara manhaja a rautarsa, ta ce babu fili. Ya rubuta `df -h` ya ga /rom ta cika ɗari bisa ɗari, hankalinsa ya tashi. Wannan ba matsala ba ce, haka /rom take kullum. Layin /overlay shi ne abin dubawa.

Ya tuna a bara ya girka kmod-rt2800-usb don wani katin USB da ya riga ya ɓace. Tunda shi ya girka, yana cikin /overlay. Ya haɗa kwamfutarsa da rautar ta kebul, ba ta waifai ba, ya cire shi, ya sake auna fili ya ga ƙari. Direban waifai ɗin rautar kanta kuwa bai taɓa shi ba.

Wanda yake so ya rage abin da ke /rom, sai ya gina sabuwar manhaja da kayan aikin da OpenWrt ya tanada mai suna Image Builder, inda ake sa alamar ragi gaban sunan fakitin da ba a so. Wannan aikin ƙwararru ne, domin kuskure a nan yana iya hana rauta tashi.

Taƙaitawa

- Direba tafinta ne tsakanin kanel da na'ura, famwaya kuma takardar aikin na'urar ce.
- Abin da lspci, lsusb da lsmod suka nuna, a bar shi. Haka ma cfg80211 da mac80211.
- Sauke direba da hana shi tashi ba sa samar da fili a faifai.
- A laftof, tsofaffin kanel da ragowar fakitoci sun fi direbobin waifai cin fili. Da tsofaffin kanel ake farawa, ragowar fakitoci kuma a ƙarshe.
- Cirewa ta apt ta fi gogewa da hannu aminci, kuma ta fi ɗorewa.
- A rauta, abin da ke /overlay kaɗai ke mayar da fili.

Tambayoyin bita

*A. Cike gurbi*

1. Fayil ɗin da direba ke lodawa cikin katin waifai ana kiran sa ________.
2. Umarnin da ke nuna lambar kanel ɗin da ake kai shi ne ________.
3. Bayan goge modul da hannu, ana sabunta lissafi da umarnin ________.
4. Direban da ke tafiyar da katin Intel Wireless 7260 shi ne ________.

*B. Gaskiya ko ƙarya*

5. Hana direba tashi yana ƙara fili a faifai.
6. Kowane kanel da ke kwamfuta yana da nasa tarin direbobin waifai.
7. Idan /rom ta rauta ta cika ɗari bisa ɗari, rautar ta lalace.
8. Abin da aka goge da rm ana samun sa a kwandon shara.

*C. Amsa a taƙaice*

9. Me ya sa malamar Misali na 2 ta bar firmware-realtek?
10. Faɗi abubuwa biyu da ake tanada kafin a cire direba, da amfanin kowanne.
11. Yi amfani da misalin bugaggen littafi da littafin rubutu ka bayyana yadda ma'adanar rauta take.
12. Me ya sa direbobin da aka goge da hannu suke dawowa?

*D. Lissafi*

13. Kwamfuta tana da sauran fili megabait 200. An cire tsohon kanel mai megabait 380, famwaya mai 64, da ragowar fakitoci masu 380. Nawa ne filin yanzu a megabait? Gigabait nawa ke nan?

*E. Aikin gida*

14. A kwamfutar da kuke iya samu, ku rubuta sunan katin waifai, sunan direbansa, girman /lib/firmware da girman kowace folda da ke /lib/modules. Ku jera su daga babba zuwa ƙarami, ku nuna wanda za ku fara cirewa da dalilinku. Awo kawai ake so a wannan aiki. Kada ku goge komai sai kun kawo wa malami abin da kuka rubuta ya duba.